Ramar da Ba Ta da Tsami

Ni da aka haifa a tsakiyar gonar rama a ƙauyenmu na wajen Kagoma, ni ce na yi makonni ina wanke wa wiwi ganye da hannuna, har ina yi mata waƙar sujada. Yau ma in na tuna, sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Autana ne ya ja mini. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa Babana nake ce masa. Ya tafi Kaduna neman aiki, ya ƙare a Mararaban Rido yana acaba, a can ya koyi shan wiwi. Ranar da yayansa ya ɗauko shi ya kawo mini gida Kafanchan, da ƙyar na gane shi. Ya rame, idanu jajur, yana magana shi kaɗai yana dariya. Matan zumunta na cocinmu sun yi azumi tare da ni, sun zo gida sun yi addu'a har muryarsu ta dushe. A hankali yaro ya dawo hayyacinsa, ya fara cin abinci, ya fara bi na sujada ranar Lahadi. Abu ɗaya kawai nake roƙon Ubangiji safe da yamma, kada yaron nan ya koma.

Wata rana sai na ga ya share ɗakin baya, inda nake ajiye citta. Ya jera tsofaffin bokitan fenti ya cika su da ƙasa, ya rataye ƙwan lantarki ya haɗa da batirin sola, taga kuma ya toshe ta da kwali. Da shukar ta fito ta yi ganye, na leƙa na tambaye shi.

"Rama ce, Mama," in ji shi. "Sabon iri ne daga waje, a waya na koya. Ba ta son iska. Masu otal a Abuja nemanta suke yi ido rufe."

Na duba. Ganyen ya rabu kamar yatsun hannu, kuma haka ramarmu take yi in ta girma. Warin ɗakin ya ɗan buge ni, ya ce taki ne. Na shafa karan ban ji 'yan ƙayoyin nan masu kama hannu ba, ya ce ai shi ya sa ake ce masa sabon iri. Na miƙa hannu zan tsinki ganye in tauna, yadda kowace mace a ƙasarmu take yi in ta ga rama, sai ya yi wuf ya ce ya sa magani, in bari tukuna. Ni kuwa na bari.

Wayyo ni! Ranar Talata a taron zumunta na tashi na ba da shaida. Na ce, "'Yan'uwa, ku taya ni yabon Ubangiji, Babana ya bar shaye-shaye, yanzu manomi ne, har a ɗaki yake noma." Aka ɗauki guɗa, aka buga tulu, na taka rawa har ɗankwalina ya faɗi. Akwai wata 'yar'uwa a cikinmu, gwauruwa, wadda nata ɗan yake cikin wiwi tsundum. Ta zo ta rungume ni tana kuka, ta ce in sa ɗanta a addu'a tunda ni Allah ya ji tawa. Na dafa kanta na yi mata, da murya mai ƙarfi kuwa.

Lokacin zafin nan na gab da saukar damina, da safe, Babana ya kira ni hankali a tashe. Ganyen sun yi ɗigo-ɗigo rawaya, wasu sun fara naɗewa suna bushewa. Na juya guda na duba bayansa, sai ga 'yan jajayen abubuwa kamar an barbaɗa garin barkono, suna motsi, da siririyar yana tsakanin ganye da kara. Na san shi sarai. Jan gizo ne, wanda yake gama da gauta da tumatir na rani.

"Kai ma dai, Babana," na ce, "ka rufe ɗaki ruf, zafi ba iska, ba dole gizo ya yi aure ya haihu a nan ba? Matsa ka ba ni wuri."

Na karɓi aikin gaba ɗaya. Na daka ganyen dogon yaro na jiƙa, na tace, na narka ɗan sabulun salo a ciki. Kullum in rana ta yi sanyi sai in durƙusa da wannan gwiwar tawa mai ciwo, in bi ganye ɗaya bayan ɗaya ina wanke bayansa da tsumma. Waɗanda suka lalace in tsinke in fitar waje. In yayyafa ruwa a ƙasa don ɗakin ya yi sanyi. In cire kwalin taga, in na juya baya shi kuma ya mayar. Ina yi ina waƙa, don a ganina ba shuka nake jinya ba, shiriyar ɗana ce a cikin bokitan nan, in ta mutu zaman banza zai mayar da shi inda ya fito. Shukar ta farfaɗo ta yi kore shar, na yi ta murna. Bayan ɗan lokaci gizon ya dawo, ya ma fi na da.

Sai na tsinki ganye na ƙulle a leda na nufi kasuwa wurin Alhaji mai maganin gona. Tun kakanninsa a Kafanchan suke, kuma tun maigidana yana da rai a wurinsa muke sayen maganin feshi. Na tarar da mutane a shagon, ban ko rage murya ba.

"Alhaji, ina kwana? Jan gizo ya addabi ramar ɗana. Ba ni mai ƙarfin, wanda ba ya wasa."

Ya kwance ledar, ya duba, ya kai hanci. Sai ya ƙulle ta da sauri ya tura ƙarƙashin teburi. Ya ce in zauna a benci. Ya sallami kowa tukuna, sannan ya jawo kujera kusa da ni.

"Mama, wa ya ba ki wannan?"

"Wa zai ba ni? A gidana take. Ni nake wanke ta."

"A hannu kika riƙo ta tun daga gida, kika wuce 'yan sandan da ke kwanar kasuwa?"

"To, rama ce, ɓoye ta zan yi?"

Ya shafa gemu. "Kin ɗanɗana ta?"

Na girgiza kai.

"Ke kika fi ni sanin rama," ya ce a hankali. "Ni ba zan sayar miki magani ba. Mai ƙarfin ba a fesa shi a rufaffen ɗaki, balle a kan abin da mutum zai zuƙa a huhunsa. Ki sa wannan a can ƙasan jaka. Allah ya shirya mana yaranmu gaba ɗaya."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na fito ban ko yi masa sallama ba. A hanya na gutsiri ganyen na tauna. Ɗaci da bauri, ko alamar tsami babu. Na tofar a kwata. Abin da ya fi cin raina shi ne, ba wayon Babana ne ya yi yawa ba. Hancina ya gaya mini, hannuna ya gaya mini, harshena ne kaɗai ya rage, ni kuma na hana shi aiki don ina tsoron abin da zai faɗa.

Ina shiga gida Babana ya tare ni. "An samu, Mama?"

"Alhaji ya ce ba magani. Gara mu ci abinmu kafin gizo ya riga mu."

Na ɗauki kwando na shiga ɗakin na tsinko ganye, na wanke, na yanka. Na ɗora tukunya na zuba tsaki, na yi fate yadda nake yi da rama. Yana ta zagaye madafa, ya shiga ya fita, ya ce ganyen bai nuna ba, ya ce akwai sabulu a jiki. Ban kula shi ba. Na zuba a kwano, na zauna a tabarma, na rufe ido na yi godiya, na cika cokali na ɗaga.

Ya kama wuyan hannuna.

"Mama, kar ki ci."

"Don me, Babana? Ba rama ba ce?"

Ya durƙusa, kansa a ƙasa. Na tambaye shi, sayarwa kawai zai yi ko ya koma sha. Ya ce, "Kaɗan-kaɗan." Ban dake shi ba, ban yi ihu ba, ƙarfin ma babu. Na ce a ƙone shukokin, sai na tuna hayaƙin zai tara mana unguwa. Shi ya tuge su da hannunsa, muka zuba a masai har da faten.

Talata ta zagayo, na yi kamar kada in je zumunta, amma na ɗaura zanen ƙungiyarmu na tafi, na zauna can baya. Da aka tashi, sai ga 'yar'uwar nan gwauruwa ta biyo ni bakin ƙofa, fuskarta cike da sa rai.

"Mama, na gaya wa ɗana labarin naki. Har na share masa ɗaki, na tara bokitai. Ki roƙar mini Babanki ya ba mu irin ramar nan, ko Allah zai sa shi ma ya kama noma."

Mata suna wucewa suna gaishe ni. Na ja ta gefe, na riƙe hannunta biyu.

"Babu iri, 'yar'uwa," na ce. "Ki mayar da bokitanki. In kin durƙusa yau, inda kike sa naki ɗan, ki sa nawa a kusa da shi."