Shekarar da Aka Wanke Tandar Lailatu

Ku tambayi mutanen Keffi abin da ya faru a shekarar 2022, za ku sha bayani. Wani zai ce shekarar dogon yajin aikin malaman jami'a, wani ya ce shekarar ambaliya, 'yan siyasa kuma su ce shekarar zaɓen fid da gwani. Amma in kuka tambayi Lailatu mai masa ta unguwar Yara, sai ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Ai shekarar da aka wanke mini tanda ke nan."

Lailatu gajeriyar mace ce, ga faɗa ga dariya, kuma tun tana budurwa take tuya. Tandarta ta ƙasa ce, baƙa ƙirin, wadda marigayiya mahaifiyarta Inna Mu'mina ta gina da hannunta. Duk mai tuya ta san ba a kai wa irin wannan tanda sabulu. Da tsumma ake goge ta, domin man da ta daɗe tana sha shi ke sa masa ta tashi ba ta kama ba. 'Yan jami'a su ne kasuwarta, har acaɓa suke hawowa su zo su yi layi suna kiranta Mama.

Da yajin aiki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ɗalibai suka watse, kasuwa ta mutu murus. Ana haka sai ga albishir daga Nasarawa cewa 'yarta Khaulat ta haihu. Lailatu ta kulle ɗakin tuya, ta ba maƙwabciyarta Toyin makulli, ta tafi wankan jego. Toyin Bayarabiya ce mai shagon kayan masarufi, kowa Iya Rasaki yake ce mata. Zaman jika ya yi wa Lailatu daɗi, ta miƙe ƙafa har damina ta yi nisa.

Ruwan shekarar nan kuwa ba a magana. Rannan kwata ta tumbatsa, ta shiga ɗakin tuya da taɓo. Iya Rasaki, baiwar Allah, ta tattare zani ta kwashe kayan kaf. To ita fa tsabtarta har ta yi yawa, a gindin tukunyarta ma sai ka ga fuskarka. Da ta ga tanda baƙa haka, sai ta samo omo da soson ƙarfe, ta wuni tana dirza, sai da tanda ta koma ja wur kamar yau aka gasa ta.

Ana faɗa a rediyo an janye yajin aiki, Lailatu ta hau mota. Iya Rasaki ta tarbe ta da murna, ta ja hannunta ta ce, "Maman Khaulat, zo ki ga aikin da na yi miki."

Lailatu ta gani. Wallahi sai da ta zauna a kan turmi. Faɗa ya taso mata har wuya, amma da ta dubi yatsun matar nan duk sun sassale, sai ta haɗiye. Ta ce, "Sannu da aiki, Iya Rasaki, Allah ya saka. Amma fa kin gama da ni." Da ta yi mata bayani, Iya Rasaki ta ɗora hannu a ka, hawaye sharɓe-sharɓe.

Washegari aka gwada. Masa ta kama, ta dagargaje, ko ɗaya ba ta fita lafiya ba. Ga ɗalibai sun fara dawowa, Lailatu kuma ta san in suka tarar da wannan kwaɓaɓɓen abu, gaba za su yi. Tsoro ya kama ta sosai. Magani ɗaya ne, a yi ta tuya har tanda ta sake shan mai.

Iya Rasaki ta kinkimo man gyaɗa daga shagonta, ta zauna ita ce mai fifita wuta. Duk masar da ta farfashe sai a raba wa unguwa kyauta. Kai, unguwar Yara ta ƙoshi! Har Ɗanbala mai shayi yana addu'a kada tandar ta gyaru da wuri, Lailatu ta bi shi da ludayi.

Tana cikin shafa mai wata safiya, sai yatsanta ya faɗa wani ɗan gurbi a gefen tanda. Ta duba da kyau. Shatin babban yatsa ne, inda Inna ta danna tun yumɓu yana ɗanye, baƙi ya rufe shi shekara da shekaru. Ta sa nata, ya zauna daidai. Ranar ta yi kuka mai isarta, amma na daɗi ne.

Ba a jima ba sai ga Chidera, wata ɗaliba da ta daɗe tana sayen masarta, da ƙawayenta. "Mama, mun dawo, kuma da yunwa muka dawo," in ji ta. Lailatu ta zuba ƙullu, ta sa cokali ta juya. Masa ta tashi ɗungurungum, ta yi ja gwanin sha'awa. Iya Rasaki ta miƙe tana rawa da mafici a hannu.

Yau tandar ta koma baƙa, ban da wuri ɗaya. Kowace safiya kafin ta hura wuta, Lailatu takan karɓo ɗan omo a shagon Iya Rasaki, ta wanke gurbin nan shi kaɗai, ta ɗora yatsanta a kan na Inna, sannan ta yi bisimilla ta zuba ƙullu.