Gyaran da Mba Wumpini Ya Yi wa Wuƙaƙen Tahidu

Tahidu tela ne a Sakasaka, cikin Tamale, a shekarun da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama. Kekensa na ɗinki yana ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin hanya, kuma yawancin aikinsa kakin masinjojin Disi, wato Baturen mulki, ne da rigunan mutanen Zango. Mutum ne mara hayaniya. Ba ya shan taba, ba ya zaman dara. Abu ɗaya ne ya shiga ransa: wuƙar aljihu, irin mai naɗewa ɗin nan da bakinta ke komawa cikin ƙota.

Yana da su a wani tsohon gwangwanin biskit. Akwai wadda ya saya a kanti a Kumasi, akwai wadda wani tsohon soja ya kawo masa tsaraba, akwai mai ƙotar ƙashi da ya samu wajen wani mutumin Moshi mai fataucin shanu. Kowace safiya sai ya zaɓi ɗaya ya jefa a aljihu. Da ita yake farke ɗinki, ya feƙe fensir, ya yanka rake. Ranar Lahadi kuwa sai ya baje su a tabarma, ya wasa, ya ɗiga musu man keke a gaɓa, ya buɗe ya rufe yana sauraron ƙarar nan, ƙyas.

Amma duk cikinsu babu kamar ta mahaifinsa. Wani maƙerin Salaga ne ya ƙera ta, ƙotarta ƙahon rago, kuma ƙahon ya lotsa daidai inda babban yatsan tsohon ya riƙa zama shekara da shekaru. Mahaifin bai bar masa gida ko gona ba, ita ya bari. Ranar Juma'a kaɗai Tahidu yake ɗaukar ta.

Damuwarsa ta soma ne daga surukinsa. Mba Wumpini, mahaifin matarsa Adizatu, manomin doya ne, Dagomba, daga wani ƙauye a hanyar Yendi. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta rumfar. Tahidu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi ta amsa "Naa, naa" har gaisuwa ta ƙare, idonsa a ƙasa.

Wata rana tsohon ya ari wuƙa zai ɗanɗana wata doya da ya gani a kasuwa. Ya danna ta da bayan baki, wuƙar ta naɗe, ta datse masa yatsa. Ya tsotse jinin, ya juya ta, ya girgiza kai.

"Wannan wuƙa ba shi da lafiya," in ji shi da Hausarsa ta kasuwa. Ya jefa ta a jakarsa ya tafi.

Kasuwa ta zagayo, tsohon ya ce, "Tahidu, kana da wuƙa?" Ita ma ta bi 'yar'uwarta. Ta Kumasi ta tafi, ta soja ta tafi, ta Moshi ta tafi. Suruki kuwa ba a ce masa babu, ba a kuma ce masa dawo da shi.

"Ki yi masa magana mana," Tahidu ya ce da matarsa. "Mahaifinki ne."

"In ce masa me, Maigida? Mijina yana rama a kan ƙarfe? Kai da kake da gwangwani guda!"

"Gwangwanin ya kusa zama fanko."

"To sai in zuba gishiri a ciki."

Zubeiru mahauci, maƙwabcin rumfarsa, shi ma bai raga masa ba. Da ya hango tsohon tafe sai ya ɗaga murya: "Tela, ɓoye aljihu! Ashe sadakin Dagomba da wuƙa ake biya, mu ba mu sani ba!"

Sai aka yi rashin sa'a ranar kasuwa ta faɗo Juma'a. Tahidu ya sauko daga masallaci ya tarar da surukinsa zaune a bencin rumfa. Aka gaisa, tambayar ta zo. Ya yi niyyar ya ce yau bai fito da komai ba, amma hannunsa ya riga bakinsa, ya dafe aljihu kamar yadda ya saba. Tsohon ya miƙo tafin hannu. Tahidu ya ɗora masa wuƙar mahaifinsa da hannu biyu.

Bai iya ɗinka ko aljihu ɗaya daidai ba a makon. Ya yi wa wani masinja wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Daga ƙarshe ya yanke shawarar abin da ɗan mutunci ba ya yi: zai je ya roƙa a mayar masa. Ya hau basukur ya kama hanyar Yendi, yana ta maimaita kalmomin a ransa.

Ya samu Mba Wumpini a zaure. Bai ko buɗe baki ba tsohon ya washe haƙora.

"Madalla! Da ma ina so in aika maka." Ya jawo wani ƙunshin fatar akuya ya kwance.

Ga wuƙaƙensa nan reras. Kowace an buɗe ta, an buga mata ƙusa a gaɓa, an daddale ta ta sandare. Kowace da kubenta na fata.

"Duka ya karye a wuya," in ji tsohon yana nuna tabon yatsansa. "Mutanen kanti sun cuce ka, ɗana. Na ce mijin 'yata, da yatsa yake ci, ba zan bari ya yanke ba. Maƙeri ya gyara. Yanzu ko ka taka shi ba ya lanƙwasa."

Tahidu ya duba, ya sake dubawa. Babu mai ƙahon rago.

"Mba, ta ranar Juma'a fa?"

"Wannan ya fi kowa tsufa. Yana maƙera yanzu."

A ranar Tahidu ya tashi daga gaban suruki ba sallama. Ya bi ƙarar guduma da gudu har bayan gari. Ya tarar maƙerin ya gama, yana goge ta da tsumma. Ba ƙusa kaɗai ya buga ba. Ya ga ƙahon ya lotsa, sai ya fasa shi ya zubar, ya saka sabuwar ƙota ta icen kaɗanya, mai kauri.

"Ƙarfen kirki ne," in ji maƙerin. "Ƙotar ce ta mutu."

Tahidu ya tsuguna ya tona tokar bakin maƙera da yatsu har ya samu ɓari biyu na ƙahon. Ɗaya yana ɗauke da rabin gurbin yatsan. Ya hure tokar ya sa su a aljihu.

Sa'an nan ya koma zaure, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya nemi gafarar tashin da ya yi, ya yi godiya. Mba Wumpini ya ji daɗi ƙwarai, har ya ɗaura masa doya a bayan basukur.

Wuƙaƙen ba su ƙara shiga gwangwani ba, don murfin ba ya rufuwa a kansu. Adizatu ta kwashe su zuwa madafa, ta kuma ce ba ta taɓa samun masu daɗin fere doya kamarsu ba. Tahidu bai sake sayen wata ba. Ɓarin ƙahon nan biyu su yake ɗauka ranar Juma'a, kuma duk wanda ya kai masa ɗinki a Sakasaka bayan wannan ya san da almakashi yake farke ɗinki, fensirinsa kuwa Zubeiru ke feƙe masa.