Kai Ka Ce Mura Ce

Ranar Talata, tara ga wannan wata, 'yarka ta kira ni a waya da hantsi ta ce, "Baba, abokinka ya cika." Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu tafi.

Mai Agogo, ƙanina da ba mu haɗa uwa ko uba ba. Tun da matata ta rasu, 'ya'yana suka yi nisa, kai kaɗai ke ƙwanƙwasa mini ƙofa. Kana rufe shago sai ka biyo, ka saita mini agogon bango, ka ce, "Yaya, shi ma ya koyi tafiyarka, sannu sannu." Kai ke yanke mini farcen ƙafa tun da na kasa sunkuyawa, kuma ba ka taɓa gaya wa kowa ba.

Duk shekara idan mura ta kama ɗayanmu, tare muke sirace: roba ɗaya ta ruwan zafi, bargo ɗaya a kanmu, muna tari muna dariya. Da rediyo ya fara maganar sabuwar annoba, na tambaye ka. Ka ce, "Mura ce, Yaya, ta sami sabon suna. Sau nawa muka ga bayanta?" Na yarda, don kai ke fita, ni kuwa duniyata ta tsaya a taga. Da ka zo da tari, muka shiga bargon kamar kullum.

Daga nan na daina gane komai. Tarinmu ɗaya, zazzaɓinmu ɗaya. Ni da na girme ka nesa ba kusa ba, ni da numfashi ke yanke mini tsakanin gado da banɗaki, na tashi. Kai mai hawa keke aka kai asibiti, ba ka dawo ba. Mu dai a makarantar zamaninmu an koya mana kowace cuta da alamarta. Wata likita ta kira ni daga asibitin, ta ce wannan sabuwar ta fi mura kisa da saurin yaɗuwa, kuma mutum kan ɗauke ta ya ji kamar mura ce kawai. Na ce, "To 'yata, ni wacce na yi?" Ta ce sai an gwada ni, kafin nan kada in fita.

Har yanzu ina ɗan tari. Jiya na sa riga, na ɗauki sanda don in je in zauna da iyalinka, sai na tsaya a bakin ƙofa. In mura ce, na ƙi zuwa gaisuwar mutumin da bai taɓa ƙin zuwa wurina ba. In ɗayar ce, matarka na fama da ciwon sukari. Na daɗe a tsaye, sannan na cire rigar.

Allah Ya ji ƙanka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa wahalar da ka sha ta zama kaffara. Ke matarsa, da ku 'ya'yansa, Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa. Idan ba ku gan ni cikin masu gaisuwa ba, kada ku ce tsohon ya manta. Ina ɗaki ina yi masa addu'a. Kuma don Allah, kada ɗayanku ya zo duba ni tukuna.