Bakin Anti Araba

Anti Araba ba ta iya karatu shiru ba, kuma ba ta iya karanta abu ta bar shi yadda ta same shi ba. Mun daɗe muna aiki tare a laburaren jami'a a Cape Coast, ita a ɗakin ɗalibai makafi. Tsofaffin littattafan da kwamfuta ta kasa karantawa, ita ke karanta musu da baki ta naɗa a waya. 'Yar masunta ce, murya kamar mai tallan kifi. Idan marubuci ya faɗi abin da bai yi mata ba, sai ta ja tsaki ta ƙara nata, ta wuce. Na sha yi mata magana, ta ce in tafi in ji da ƙurar kantata.

Sai ga Fiifi, makaho ɗan shekarar ƙarshe, yana rubuta kundin digirinsa a kan masunta. Ta karanta masa wani littafi inda aka ce masunta ba sa shiga teku ran Talata. Da murya ɗaya, ko numfashi babu, ta ɗora: ranar ce maza ke cika gida da surutu, matan na Allah-Allah gari ya waye. Fiifi, bawan Allah, ya kwashe duka ya zuba a kundi, har da lambar shafi.

Malamarsa, Dakta Ankomah, ta duba shafin ba ta ga zancen ba. Ta ce ƙirƙira ya yi, kuma wanda ya yi wa marubuci ƙarya ba ya fita da digiri. Yaron ya zo ya zauna, ko dokunu, tuwon masarar da Araba ta saya masa, bai taɓa ba.

Ban taɓa ganin Araba ta tsorata ba sai ranar. Ta ja hannunsa har ofishin Dakta, ta ajiye wayar ta kunna. Da aka zo wurin ƙarin nata, Dakta ta yi dariya har da hawaye, ta ce nata mijin ma haka yake kuma ba masunci ba ne. Ta ce Fiifi ya goge layin ya kawo kundi.

Daga nan Araba ta kama bakinta. Karatu tsaf, ba tsaki, ba ƙari. Ni har na ji daɗi, wallahi. Ba a jima ba Fiifi ya dawo da sauran ɗaliban, sanduna na ƙwanƙwasa ƙasa.

"Anti, fushi kike da mu?"

Ta ce wane irin fushi, gyara ta yi.

"Mu fa ba ma ganin fuskarki," in ji shi. "A wannan tsakin muke sanin kina nan."

Ta juya wai tana neman wani abu a aljihun tebur, ta daɗe tana nema. Washegari ta zo da cokali da kofin shayi. Yanzu in za ta sa baki, sai ta buga kofin tukuna, a san nata ne ba na littafi ba. Daga kantata ina jin ƙarar, wani shafin har sau nawa.