Surukan Kawu Mamuda

Duk wanda ya zauna a layinmu na Yelwa ya san yadda Kawu Mamuda yake fita daga gida. Sauran bayin Allah buɗe ƙofa suke yi su fita. Shi kuwa sai ya ɗan ja kyauren, ya zuro hula, sannan goshi, sannan ido guda. Ya leƙa gabas, ya leƙa yamma, kana ya tambayi duk wanda ya gani a waje, "Surukai sun wuce?" Idan baƙo ne sai ya tsaya da baki buɗe, yana tunanin wane irin dattijo ne wannan, gemu fari fat amma har yau yana ɓoye wa surukai. Mu da muka sani sai mu ce, "Sun wuce, Kawu, guda ne kawai a gindin dalbejiya, shi ma barci yake." Sai ka ji ƙaraf, kyaure ya koma ya rufe. Surukan nan karnuka ne. Kawu ba ya kiran sunansu, wai kunnensu ya fi na mutum, da sun ji an ambace su za su zo gaisuwa.

Ku tuna fa a kan wa muke magana. Wan mahaifiyata ne, mahauci ɗan mahauci, wanda ya tsufa a mayankar Garoua. Bijimin da ya gagari samari, shi ake kira wa. Da idona na ga an sauke wani jan sa daga Touboro, ya watsa kasuwa kowa ya haye teburinsa, Kawu ya je ya kama ƙaho ya murɗe kamar yana matse wanki. To wannan ƙaton ne idan ɗan kwikwiyo ya yi hamma sai ka neme shi ka rasa. In kuma ka kuskura ka ce tsoro yake ji, ka jawo wa kanka wa'azi.

"Ba tsoro ba ne," zai ce. "Alwalata nake kiyayewa."

Mun yarda. Sai dai ban taɓa ganin wani malami yana kiyaye alwala da gudu har takalmi ɗaya ya rage a hanya ba.

Inda abin ya samo asali kuwa, ya danganta da ranar da ka tambaya. Ran nan zai ce a Tibati ne, ya je sayen shanu, wani kare mai girman ɗan maraƙi ya far masa. Bayan wata guda labarin ya ƙaura Rey Bouba, karen kuma ya kai jaki. Sai ya ɗage wando ya nuna tabo a ƙaurinsa. Wata rana yana cikin nuna wa baƙi, matarsa Hajja Asta ta shigo da shayi, ta kalli tabon ta ce, "Wannan ai salansar babur ce ta ƙona ka a bakin gada. Ni na shafa maka mai."

Kawu ya sauke wando a hankali. "Ke aka ciza ko ni?"

"Ba a ciji kowa ba, Alhaji."

"To ajiye shayin ki tafi, kin ɓata wa baƙi hira."

Da ya ga gudu ya soma fin ƙarfin gwiwarsa, sai ya zo da dabara irin ta masu hankali. Kullum zai taso daga kasuwa da guntayen ƙashi da kitse a aljihun babbar riga. Da ya hango suruki, sai ya wurga masa nesa, kafin ya gama ci shi ya wuce. Dabara ta yi aiki, kwana biyu. Zuwa ƙarshen mako babu karen da bai san lokacin tashin Kawu ba, tun daga mayanka har Yelwa. Suna jiransa a kowane lungu kamar masu moto, wato 'yan acaɓa, a tasha. Yana tafe yana waiwaye yana salati, su kuma suna biye, wutsiya sama, cikin ladabi.

Ranar ɗaurin auren 'yar abokinsa Alhaji Bobbo, dillalin shanu, haka ya iso da ayarinsa. Jama'a na zaune a kan tabarmi, sai ga Kawu cikin farar shadda, gumi har gemu, karnuka sun ja layi a bayansa. Alhaji Bobbo ya miƙe ya yi masa maraba da Fillanci ya ce, "Jabbama, Mamuda! Ai ba ka ce mana da dangi za ka zo ba, da an ƙara shinkafa."

"Korarsu nake yi, Bobbo!"

"Da nama?"

"To da me kake so in kore su? Da hannu?"

Shi ke nan, muna zaman lafiya da wannan jarrabawa, sai babban ɗansa ya aiko masa da tele, wato talabijin, da farantin kama tashoshi daga Douala. An kafa don ya riƙa kallon wa'azi da labarai. Wa'azin bai kai mako ba. Wata rana bayan la'asar yana latse-latse sai ya faɗa wata tashar Turawa, inda ake nuna mutane masu safar hannu suna bi gida-gida suna ceto dabbobin da aka wulaƙanta. Ni malamin makaranta ne, Metir ake kira na, don haka nan take aka naɗa ni tafinta, ba tare da an nemi ra'ayina ba. Da an soma shirin sai in ji murya ta katanga, "Metir! Metir! Zo, sun fara!"

Yadda yake kallon ma abin kallo ne. Da kare ya bayyana a gilashi, sai ya ɗauke ƙafafunsa biyu ya naɗe a kan kujera, ya tattara riga. Idan aka matso da fuskar karen kusa, shi sai ya ja baya har ƙeyarsa ta taɓa bango. Amma ido ba ya ƙiftawa.

Ranar farko an nuna wata karya da mai gidanta ya ƙaura ya bar ta ɗaure, haƙarƙari duk a waje. Na fassara masa. Na waiwaya, sai na ga hawaye na bin gemu yana ɗiga a kan riga. Mutumin da ya yanka shanun da in an jera su za su kai Ngaoundéré!

"Kawu, kuka kake yi?"

"Hayaƙin Asta ne."

"Hajja ta tafi suna tun azahar."

"To ya rage a ɗakin. Fassara, kar ka dame ni. Shi azzalumin, an kama shi?"

Na ce ba a san inda yake ba. Kawu ya ɗaga hannu ya haɗa wani Bature da bai taɓa gani ba da Allah, ya sa ni na ce amin.

Ba kullum kuka ba ne, wani lokaci haushi ne. Ranar da ya ga an kwantar da kare a kan gado mai farin zane, an sa masa ƙarin ruwa, likitoci biyu na shafa masa kai, sai ya riƙe haɓa. "Ka ga ikon Allah. Ni da na yi jinyar ƙafa, wa ya shafa mini kai? Asta ma cewa ta yi in rage raki." Bayan minti kaɗan kuma ya koma sharar hawaye, don karen ya kaɗa wutsiya.

Babban abin da ba za mu manta ba shi ne ranar da aka ɗauke wuta. An shiga da wani baƙin kare ɗakin fiɗa, ya haɗiye ƙugiya, likita ya ɗaga wuƙa ke nan, sai ɗif. Kawu ya miƙe tsaye a kan kujera. "Inna lillahi! Sun bar shi a buɗe!" Na ce masa ai shirin tsoho ne, an daɗe da ɗauka, ko ya rayu ko ya mutu an gama. Ya kalle ni kamar ni na ba karen ƙugiyar.

A layin duka mutum ɗaya ke da injin wuta, maƙwabciyarmu Madam Rebeka, nas mai ritaya. Ita ma tana kallon shirin. Matsalar guda ce: tana da kare, jibgege, sunansa Shef. Kawu ya yi zarya a tsakar gida, ya je ƙofa ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Can sai ya jawo turmin Hajja ya kifa a jikin katanga, ya taka, ya haye, ya zauna a kai kamar mai hawan doki. Daga nan ana hango tele ta tagar Madam.

Madam ta leƙo. "Alhaji, ka shigo mana, Shef yana ɗaure."

"Na gode, nan ya fi iska. Ɗan gyara labulen kawai."

Haka ya zauna, dattijo mai jikoki, a kan katanga, ana wucewa ana gaishe shi yana amsawa ba ya waiwaye. Da aka nuna baƙin karen ya farfaɗo yana lasar hannun likita, Kawu ya saki katanga ya ɗaga hannu biyu ya kwarara, "Alhamdulillahi!" Shef, wanda ashe yake kwance a ƙasan katangar tun ɗazu, ya amsa da haushi guda ɗaya. Guda ɗaya tak. Sai muka ji rigijib a cikin kuɓewar Hajja. Muka ruga. Yana kwance rigingine, hula a gefe, abin da ya fara faɗa shi ne, "Ya tashi, Metir. Sun cire ƙugiyar."

To ana nan, sai abin da yake kallo a gilashi ya biyo shi har ƙofar gida. Wata safiya cikin zafin nan na watan Afrilu, mai moto ya banke wani jaja-jajan kare marar galihu daidai ƙofar Kawu, ya wuce abinsa. Ƙafar baya ta karye, yana jan jiki yana kuka. Mutane suka taru, wani ya ce a bar shi, wani ya ɗauko dutse wai a hutar da shi. Sai muka ji tsawa daga sama. Kawu ne a tagar bene, ya zuro kai ta tsakanin ƙarafa.

"Wanda ya jefa dutsen nan, ni da shi ne har gaban alƙali! Metir, ɗauko buhu! A rufe masa ido tukuna, haka suke yi! Ba ta nan ba, ta ƙarƙashi! Kai wane irin malami ne?"

Na ce, "Kawu, tunda kai ka iya, ka sauko mana."

"In na sauko wa zai ba da umarni?"

Haka ni da Madam Rebeka muka naɗe karen, muka kai shi wurin likitan dabbobin da ke duba shanu a mayanka. Da na ce masa Alhaji Mamuda ne ya aiko, sai da ya zauna don dariya. Amma ya ɗaure ƙafar. Muka dawo da shi muka ajiye a inuwar ƙofar gida, da nufin in ya warke ya kama gabansa.

Ya warke, yana ɗingishi. Gabansa kuwa bai kama ba. Ya duba duniya ya ga babu inda ya fi ƙofar mahauci, ya kwanta. Tun daga ranar Kawu bai ƙara bi ta ƙofar gidansa ba. Gidan da ya gina da guminsa! Sai ya sa aka fasa masa wata 'yar ƙofa ta baya, wajen makwararar ruwa, ta nan yake sunkuyawa ya fita masallaci. Abinci kuwa, ya ɗaura tsohon kwano a kan doguwar gora, safe da yamma yana zuro wa ta kan katanga, yana kau da kai kamar mai ɗiban wuta.

'Ya'yansa suka gaji. Suka ce za su sa karen a mota su kai shi ƙetaren kogin Binuwai su saki, Baba ya samu ƙofarsa.

"Da ƙafa uku da rabi? Ya ci me a can?"

"To Baba, ai kai ba ka iya ko kallonsa."

"Ni na ce zan kalle shi? Ku bar shi inda Allah ya ajiye shi. Ƙofar bayan ma ta fi kusa da masallaci."

Ba ta fi ba, duk kun sani. Zagaye ne mai kyau.

Da ciwo ya kwantar da shi bara, gorar ta fi ƙarfin hannunsa. Aikin ya dawo kaina. Duk sanda na shiga gaishe shi, kafin ya amsa sannu sai ya ce, "Ya ci?" In ce ya ci. "Da ruwa?" Da ruwa. Sannan ya yarda a ba shi nasa kunun. Ana saura kwana kaɗan ya rasu, ya ce a fitar da shi zaure ya sha iska, a buɗe kyauren gaba. Muka kalli juna ni da Hajja, muka buɗe. Karen ya ɗago kai daga inda yake kwance, bai matso ba. Kawu ya damƙe hannuna har na ji zafi, amma bai ce a rufe ba. Suka daɗe suna kallon juna. Can ya ce, a hankali, "Ashe ya yi ƙiba."

Bai taɓa shafa shi ba ko sau ɗaya. Ya koma ga Allah yana tsoron karen, kuma bai taɓa barinsa ya kwana da yunwa ba. Ni dai ban san mutane da yawa da suka iya haka ba, ko da ɗan Adam ɗan uwansu.

Allah ya jiƙan Kawu Mamuda, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya tausaya wa abin da yake tsoro, Allah ya tausaya masa, ya amintar da shi daga dukkan tsoro a kabarinsa da ranar tsayuwa. Ya ba Hajja Asta haƙuri, mu kuma ya sa mu cika da imani. Amin.