Rabawar da Ban Gama Koyarwa Ba

A shekarata ta farko da koyarwa aka tura ni wani ƙauye kusa da Garhanga, aka ba ni aji huɗu. Ajin rumfar kara ne, saboda haka ba mu fara karatu ba sai da aka girbe hatsi aka samu karan kafa ta.

Da bazara ta kama, kafin ƙarfe sha ɗaya alli yana jiƙewa da zufa a hannuna. Yara su kifa kai bisa alluna, wasu su fita shan ruwa su ƙi dawowa. Sai darakta, wato shugaban makarantar, dattijon da ya kusa barin aiki, ya buga ƙarfe a tashi. Ban ga laifinsa ba. Sai dai lokacin lissafi ke nan, mu kuwa muna tsakiyar rabawa. Na mayar da darasin zuwa safiya, sai na tarar rabin ajin suna rijiya, domin da sanyin safe ake ɗiban ruwa.

Akwai littafin da kowane malami ke rubuta abin da ya koyar, don mai karɓar ajin baɗi ya san inda zai ɗora. Kullum abu ɗaya nake rubutawa: rabawa, ba a gama ba.

Wata rana darakta ya duba. Mushe yake kirana, kamar yadda ake kiran malamin boko a can.

"Mushe, mi ke nan? In sufeton makarantu ya zo, takarda za ya gani, ba rana ba. Rubuta an gama."

"Baba, in na rubuta haka, babu mai sake koya masu ita."

"Mu da munka tsufa cikin aikin ga, wa ya taɓa gamawa?"

Na ba shi haƙuri, ban gyara ba. Ya sa hannu yana girgiza kai.

Ruwan farko ya zo da iskar da ta kwantar da rumfar, iyaye suka kwashe yara zuwa shuka. Sufeto bai zo ba.

Kafin in tafi hutu na kai wa malamin aji biyar littafin da kaina, na nuna masa shafin. Ya karanta har ƙasa, ya rufe.

"Na gani," in ji shi. "Amma ni ma nawa darussan ba su ƙarewa. Ina zan sa taka?"

Yaran suka wuce aji biyar a haka.