Yadda Na Je Maraɗi Koyar da Turancin da Ban Iya Ba

Katsina zuwa Jibiya

Ana idar da sallar asuba ranar Lahadi na goya Ummi, ɗiyata mai wata goma, na bar gidanmu na Ƙofar Ƙaura. Maigidana Malam Sani ya raka ni tasha a napep, yana danne dariya. Yayarsa Balaraba da ke aure a Maraɗi ce ta je ta gaya wa wani mai makaranta wai matar ƙanenta na zuba Turanci kamar famfo. Ni kuwa a aji biyu na sakandare na tsaya. An ba ni gwajin sati guda, kuma tunda aka sallami Malam daga aiki, wannan ce ƙofa ta farko da ta buɗe mana.

Mota ba ta tashi ba sai da gari ya waye sarai, don direba ya ce hanyar Jibiya ba a yi mata sammako.

"Hajiya, biki za a je?"

"Koyarwa," na ce.

Ya dubi goyona, ya dubi ledar kunun Ummi. "Allah ya ba yara haƙuri."

Iyaka

Shingaye kam sun fi ƙarfin lissafina, ni dai ina ta taɓa goshin Ummi ko zafin mota ya sa mata zazzaɓi. A Magama muka sauya mota. A Ɗan Isa wani jandarma ya juya katina ya tambayi abin da zai kai ni Maraɗi. Na ce malamar Ingilishi ce.

"To yi mani kaɗan in ji."

Na rufe ido na jero mashi ranakun sati, na ɗora da watanni, ban yi numfashi ba. Mutumin nan har da sara mani.

Maraɗi

Da azahar kabu-kabu ya sauke ni ƙofar gidan Yaya Balaraba. Ta tarbe ni da dambun zogale da burodinsu dogo mai kama da sandar makiyayi.

"Yaya, kin san fa ban iya ba."

"Su ɗin sun iya ne? Ke dai ɗaure fuska."

Litinin zuwa Laraba

Mai makarantar, Mushe Isufu, dogo ne mai tabarau, da Faransanci ya tarbe ni, ina ta gyaɗa kai. Yaya ce ta fassara mani dokarsu: an hana Hausa a cikin lakwal, wato makaranta. Akwai wani ƙashi ɗaure da igiya, suna ce mashi sambol. Wanda aka kama ya yi Hausa a rataya mashi, shi kuma ya kasa kunne har ya kama wani ya sauke mashi. Wanda aka tashi yana wuyansa, shi zai share aji.

Ranar farko na koyar da gaisuwa. Ta biyu sassan jiki. Ta uku na sa su waƙar da muke yi a firamare, muka yi ta maimaitawa har makogwarona ya bushe. Daren nan na lalube kaina kaf, na tarar Turancina ya ƙare.

Alhamis

Na shimfiɗa wa Ummi zane a gefen allo, na tsaya ina tunanin ko in sake komawa gaisuwa. Ina waiwayawa sai na ga kumatunta a cike, bakinta fari fat. Alli!

"Wayyo Allah na shiga uku! Tofar, don ubanki, tofar!"

Na sa yatsa na zaƙulo shi. Wata doguwar yarinya, Rabi, da ƙashin ya kwana biyu yana wuyanta, ta taso a hankali, ta rusuna cikin ladabi, ta rataya mani.

Ihun yara ne ya kawo Mushe Isufu. Ya yi mani Faransanci, na zuba mashi ido. Ya ƙara, na ƙara zuba mashi ido. Haushi ya ci shi.

"Madam, mi ya hwaru nan wai?"

Yara suka dube ni. Na dube su. To, doka doka ce. Na cire igiyar, na yi ɗage, na rataya mashi.

Da ƙashin a wuyansa ya kai ni ofis, na riga na fara lissafin abin da zan gaya wa Malam.

"Gaya mani gaskiya, Ingilishinki nawa ya rage?"

"Mushe, tun jiya ya ƙare."

Ya cire tabarau yana dariya har da hawaye. Ya ce manyan aji sun fi ƙarfina, amma yana da ajin 'yan shekara huɗu da babu malamar da ke jure masu. Abin da na koyar a kwana uku, su zai kai su shekara. In dawo bayan hutu. Da aka tashi na leƙa ta taga, na same shi da tsintsiya, Rabi na nuna mashi inda ya tsallake.

Komawa gida

Ranar Asabar na biyo hanyar da na zo, la'asar ta yi mani a Katsina. Yanzu kullum da yamma ina zaune a tsakar gida tare da yaran maƙwabta 'yan aji uku, su suna aikin gida, ni ina leƙe ina kwashewa. Uwarsu na ta sa mani albarka, ta ɗauka lesin nake yi masu kyauta.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Yaya Balaraba da ƙaryarta ta karɓe ni.